Guguwa Ya Koyi Shan Ruwa

A ofishin 'yan kwana-kwana da ke bayan tashar mota, babu mai tuna ranar ƙarshe da aka kira Guguwa da sunansa na yanka. Ko Oga, da ke sa hannu a takardunsa, Guguwa yake ce masa. A tseren ma'aikatan kaki ya samo sunan, wanda ake yi sau ɗaya a shekara: kilomita goma a kan kwalta, 'yan sanda da gandirobobi da ma'aikatan kwastan da 'yan kwana-kwana, kowa ya fito da zaratansa shida. Shekara bakwai a jere shi ke fara taɓa igiya. Hotunansa sun cika bangon ɗakin hutu, duk yana sanye da jan gajeren wando ɗaya, duk baki a wangale.

Daga nan abu ya fara juya masa baya. Shekarar da ya cika talatin da shida ya zo na biyar. Wadda ta biyo ya zo na goma sha ɗaya, har wani gandiroba mai ɗan tumbi ya wuce shi yana cewa, "Sannu, yallaɓai." Wannan sannun ta fi wata uku tana yi masa yawo a kunne.

Horo iri ɗaya Guguwa ya sani, wanda ya gada daga marigayi kocinsa na samartaka. A fita da tsakar rana, a sa rigar ruwa ta leda a ja zif har wuya, a yi ta gudu har ido ya fara ganin duhu-duhu, kuma babu mai kai ruwa baki sai an yi wanka an huta. Marigayin ya sha faɗa musu cewa ruwa nauyaya ciki yake yi, ya kashe zuciya. Da Guguwa ya ga ƙafarsa na ja baya, sai ya ɗauka ragwanta ce ta shige shi, ya ƙara kilomita, ya ƙara riga a ƙarƙashin ta ledar. Sauran biyar ɗin kuwa, abin da ya yi shi suke yi.

Wata safiyar Litinin, saura mako goma sha biyu a yi tsere, tasi ta tsaya a ƙofar ofis. Wata 'yar gajeriyar dattijuwa ta fito, tabarau da igiya a wuya, sanda a hannu, tana ɗan jan ƙafar hagu. Mai tasin ya sauke mata sikelin da ake hawa a tsaye, da jarka mai lita ashirin, da kujerar roba.

Oga ya tara su a gaban motar kashe gobara ya ce, "Wannan ita ce Malama. Ita ta koya mini motsa jiki a sakandare, tun ina da gashi a kai. Daga yau ita ce kocinku."

Gajere, wanda ya fi kowa ƙuruciya da ƙarfin ƙafa a cikinsu, ya kara baki a kunnen Guguwa ya ce, "Wannan ko kwata za ta iya tsallakawa?"

Ashe kunnenta ya fi ƙafarta lafiya. Ta ce, "Ba zan iya ba, ɗana. Shi ya sa aka kawo mini kai."

Makon farko ba ta canza musu komai ba. Ta ce su yi yadda suka saba, ita kallo ta zo yi. Sai dai kowa ya hau sikeli kafin ya fita, ya sake hawa in ya dawo ya goge jiki, ita kuma tana zaune a inuwar garejin tana rubutu a littafin makaranta mai layi-layi. Ranar farko Guguwa ya hau da kilo saba'in da biyu, ya dawo da sittin da tara. Ya sauko yana haki, leɓe ya yi fari, amma fuska cike da alfahari.

Ya ce, "Kilo uku cur, Malama. Kitse ne ya narke."

Ta ce, "Kitsen da ke narkewa cikin awa ɗaya sai dai na kasko. Ruwa ne, Guguwa. Lita uku ka zubar a kan titi. Miƙo hannunka."

Ta ɗora yatsu biyu a wuyan hannunsa tana duban agogo. Minti goma da tsayawarsa, amma zuciyar na dukan ƙirji kamar mai neman hanyar fita.

Ta ce, "Kai da ke aiki da famfon mota, in ruwan tanki ya yi ƙasa, me injin yake yi?"

"Kuka yake yi. Ya ɗau zafi."

"To jininka ma in ruwa ya ragu a cikinsa, raguwa yake yi ya yi kauri. Zuciya ta ninka aiki, ƙafa kuma ba ta samun rabin abin da take nema. Abin mamaki, mutum shida kuna yawo da tankin ruwa kuna zuba wa gidajen mutane, naku cikin a bushe."

Kowa ya yi dariya, ban da Guguwa.

Washegari suka tarar da kwali manne a bangon banɗaki, an shafa masa launuka shida, daga fari-fari mai ɗan rawaya har zuwa ja mai duhu. A ƙasa ta rubuta da hannunta cewa kowa ya duba fitsarinsa da safe ya gaya mata lambarsa. Direba, wanda ya haura arba'in kuma ya fi kowa jin kunya, ya ce shi dai tun da uwarsa ta yaye shi babu macen da ta taɓa tambayarsa wannan. Malama ta ce to ya ɗauka uwarsa ce ta dawo. Cikin kwana uku abin ya zama gaisuwa. Mutum ya shigo ya ce, "Ina kwana, yau biyu nake," ɗan'uwansa ya ce, "Madalla, ni huɗu ce, bari in nemi kofi." Guguwa kullum biyu yake cewa, alhali nasa ya fi kama da shayin da aka manta a kan wuta.

A mako na biyu ta fito da nata tsarin. Ta hana gudun tsakar rana, sai da sassafe bayan sallah. Ta tattara rigunan leda ta ce a mayar da su sito su jira damina. Kwana uku a mako gudu ne a hankali, wanda mutum zai iya magana a cikinsa, kuma don ta tabbatar, sai ta sa kowa ya riƙa ba da labari da jerin gwano. A nan aka ji yadda Direba ya yi shekara biyu yana kai wa yayar matarsa ziyara kafin ya gane ƙanwar ce ke sonsa. Kwana biyu kuwa babu wasa: mita ɗari huɗu da ƙarfi, a huta minti ɗaya da rabi, a sake, har sau takwas, ko kuma a hau matakalar hasumiyar atisaye da tiyo a kafaɗa. Kwana ɗaya na doguwar tafiya. Ranar da ta rage kuwa hutu ne, kuma ta ce duk wanda ta ji ya yi gudu ranar, ita da shi ne.

Ruwa kuwa ta ce a fara shi tun kafin a fita, a kurɓa a hanya, a mayar da abin da sikeli ya nuna an zubar, a hankali, cikin yini. Ranar doguwar tafiya tana zuba ɗan gishiri da sukari a jarka, ta ce gumi ba ruwa kaɗai yake fitarwa ba. Gajere, da ya ji an ce ruwa na ƙara gudu, ya ɗaga gora biyu manya ya shanye kafin a busa usur. Bai yi kilomita ɗaya ba cikinsa ya fara ƙugi, ana ji daga baya. Malama ta tsayar da shi ta wanke shi tas.

Ta ce, "Na ce ka sha, ban ce ka zama randa ba. Yawansa ma yana kayar da mutum, yana wanke gishirin jiki. Kurɓa-kurɓa, gwargwadon abin da ka zubar."

Guguwa yana bin duk wannan da safe, baki a tsuke. Gudun hira ya fi komai ci masa rai. Shi da ya ci kofi bakwai, a ce yana tafe kafaɗa da kafaɗa da Direba, masu shara na kallonsu! Saboda haka ranar da ba ya bakin aiki, da rana ta take, sai ya zaro wata rigar ledar da ya ɓoye a gida, ya bi hanyar bayan masana'antu ya yi irin nasa.

Matarsa tela ce, kekenta na barandar gida, babu abin da ke shiga ko fita bai wuce ta gabanta ba. Wata rana ya dawo ya zube a kan tabarma, ta tsayar da keken ta dube shi.

Ta ce, "Maigida, wannan rigar taka ba ta bushewa ne? Ga ta can bayan tanki, warinta ya kori kaji."

"Aikin maza ne, ba ruwanki."

"Da ruwana. Kwana huɗu ke nan kana watsa maganin ciwon kai kamar gyaɗa. Abinci sai ka tsakura ka ture. Yara in sun ji ƙarar babur ɗinka kowa lungu yake nema. Ita matar da aka kawo muku ta san kana wannan?"

Ya juya mata baya. Ta ci gaba da taka kekenta, amma da ƙarfin da ya fi na ɗazu.

A ƙarshen mako na biyar Malama ta shirya musu gwaji, cikakkiyar kilomita goma. Ita da Oga suna biye a motar ofis. Guguwa ya fita kamar an harba shi, ya ba kowa tazara. Da Oga ya miƙo masa kofi ta taga a kilomita ta huɗu, ya girgiza kai. A ta shida ya ji kansa na sarawa, titi na ɗan rawa. A ta bakwai jijiyar ƙaurinsa na dama ta ɗaure kamar an sa filaya, ya yi tsalle ɗaya, ta hagu ma ta kama. Ya tafi ƙasa a gefen kwalbati, yana ganin Gajere ya wuce, sai na biyu, sai na uku. Direba ne kaɗai ya rage gudu zai tsaya, Malama ta ɗaga masa sanda ta ce ya wuce.

Oga ya ja shi inuwar wani bango. Malama ta sauko da ƙyar, ta sa aka miƙar masa da ƙafa aka danna yatsun sama, ta jiƙa tawul ta ɗora masa a wuya, ta riƙa ba shi ruwan jarka kaɗan-kaɗan. Da jijiyar ta saki, ta ce wa Oga ya je ya tari sauran, ya bar mata kujerarta.

Guguwa ya sunkuyar da kai yana jiran faɗa. Ya san ya cancanta.

Ta ce, "Sau nawa a mako?"

"Me, Malama?"

"Gudun ranar da kake yi a ɓoye. Kowa bugun zuciyarsa na safe sauka yake yi, naka hawa yake. Littafi ba ya ƙarya, ko da mai fitsari ya yi."

Ya ce a hankali, "Sau uku."

Ta gyaɗa kai, ta cire tabarau tana gogewa da gefen mayafi. Ta ce, "Ina da shekara ashirin da biyu aka kira mu zaɓen waɗanda za su wakilci ƙasa. Mita dubu goma. Babu wadda ta kai ni a lokacin, ba yabon kai ba. Kocinmu irin naka ne, kwana biyu kafin gudu yake rage mana ruwa, wai mu yi shafal. Saura zagaye ɗaya da rabi, ina gaba, sai na ga fili ya kife. A asibiti na farka. Da ya zo duba ni, ka san me ya ce? Ya ce ba ni da zuciya."

Guguwa ya ɗago.

"Shekara tara na yarda da shi. Na bar gudu, na koma aji, ina kallon kaina a matsayin raguwa. Sai da aka tura ni kwas, wani likitan wasanni ya zana mana abin a allo, na zauna a bayan aji ina share hawaye, mutane na zaton ciwon ido nake. Ashe kofi biyu na ruwa ne tsakanina da jirgin da ya tafi da wakilan ƙasa." Ta mayar da tabarau. "Ba na zagin kocina, kuma ba zan zagi naka ba. Abin da suka sani ke nan. Ya ba ka juriya, ka riƙe ta, ban taɓa ganin mai irin taka ba. Amma juriyar nan taka ce ke cinye ka. Kana ɗan ashirin da biyar jiki na yafe maka, yanzu ya daina. Ba tsufa ne ya kama ka ba tukuna, gajiya ce da ƙishirwa. Ka ba ni mako bakwai. In ban yi maka komai ba, ni da kaina zan ɗinka maka sabuwar rigar leda."

Ya ce, "Na ba ki, Malama."

Ya kuwa ba ta. Ta hana shi gudu kwana huɗu cur, ya riƙa zagaye gida kamar wanda aka ɗaure, har matarsa ta ba shi almakashi ya riƙa yanke mata zare. Bayan nan ya koma gudun hira, da layi ya zo kansa ya ba da labarin gandiroba mai tumbi, aka yi ta dariya har Direba ya kusa faɗawa kwata. Ya sayi gora ya rataya a babur. Ciwon kai ya tafi bai yi sallama ba. A mako na tara, ranar mita ɗari huɗu, ya gama na takwas da sauri daidai da na farko, ya tsaya yana mamakin ƙafafunsa. Malama ta juyo masa da littafin ya ga bugun zuciyarsa na safe: daga saba'in da huɗu ya sauko hamsin da tara.

Ranar Laraba, saura kwana uku tsere, ƙararrawa ta buga jim kaɗan bayan azahar. Wani ƙaton sito ne na katifu da robobi ya kama a bayan kasuwa. Tun daga nesa suka ga hayaƙi baƙi ƙirin ya tokare sama. Wutar katifa ba ta da mutunci, ka kashe nan ta ɓullo can, ga rana, ga rigar aiki mai nauyi da hular kwano da takalmi har gwiwa. Oga ya raba su biyu, kowane rukuni ya yi minti ashirin a bakin tiyo ya fito, ya buɗe riga, ya sha daga jarkar da Direba ya saba ajiyewa a mota tun zuwan Malama. Awa ta uku, motar asibiti ta riga ta ɗauki mutum biyu daga wani ofishin da ya kawo ɗauki, su kuwa suna nan a tsaye.

Guguwa ne ya lura Gajere bai fito ba zagaye biyu. Ya kutsa ya same shi rungume da tiyo yana feshin bangon da babu wuta a jikinsa.

Ya daka masa tsawa, "Fita ka huta!"

Gajere ya juyo da jajayen idanu ya ce, "Yaya, bari in gama wanke motar, Oga zai fita."

Malama ta taɓa gaya musu cewa in zafi ya kai mutum ga sambatu, ba a jira. Guguwa ya ƙwace tiyon ya miƙa wa na kusa, ya saɓi Gajere a kafaɗa ya fito da shi bayan mota. Ya tuɓe masa riga da hula, jikin kamar garwashi. Ya sa Direba ya sakar masa ruwa a hankali daga kai har ƙafa, yana yi masa fifita da kwali, yana ƙwala wa masu motar asibiti kira. Sai da ya ga an rufe ƙofa an tafi da shi, sannan ya kurɓi ruwa ya koma bakin tiyo. Ana kiran magariba suka ci ƙarfin wutar, kuma ba ta tsallaka cikin kasuwa ba.

An yi wa Gajere ƙarin ruwa, aka sallame shi ranar Alhamis da yamma. Safiyar Juma'a sai ga shi a ofis da takalmin gudu, yana tsalle-tsalle don kowa ya gani. Malama ta auna kowa, ta zo kansa ta daɗe da yatsu a hannunsa.

Ta ce, "Me likita ya ce?"

"Ya ce na warke."

"Ya ce ka yi gudu?"

Gajere ya dubi ƙasa. "Ya ce in huta mako guda. Amma su likitoci haka suke ce wa kowa."

Ta rufe littafin ta ce, "Gobe ba za ka yi ba."

Oga ya taso daga kan benci. Dokar tseren ita ce ana haɗa lokacin mutum biyar na farko a kowace ƙungiya. In babu Gajere, dole a lissafa da Direba, wanda ke zuwa bayan kowa.

Ya ce, "Malama, a duba dai. Shekara uku ke nan kofin nan na hannun 'yan sanda. Yaron ya ce lafiyarsa lau. Ko a hankali ne ya yi."

"Ka taɓa ganin ɗan ashirin da huɗu ya yi a hankali a gaban jama'a? Bugunsa ya ɗara na kullum da ashirin. Jikin da zafi ya kayar shekaranjiya bai manta ba. In kana son ka sa shi, ofishinka ne, amma ka kira mini tasi tukuna."

Oga ya juya ga Guguwa, don ya san babu wanda ya kai shi son kofin nan. Ya ce, "Kai me ka gani?"

Guguwa ya ce, "Ranka ya daɗe, ni na ɗauko shi. Ban taɓa jin jikin mutum da zafi haka ba. Yana kallona yana cewa mota yake wankewa. In ya faɗi a kan titi gobe, wa zai je ya gaya wa mahaifiyarsa? Ni dai ba ni ba. Abin da Malama ta ce shi ne."

Oga ya shafa sanƙonsa, ya yi ajiyar zuciya, ya ce shi ke nan. Gajere ya zaga bayan mota ya zauna a kan taya yana goge ido. Guguwa ya bi shi ya dafa shi ya ce, "Kana da shekara goma sha biyar a gabanka, ƙanena. Ni ne ba ni da su."

Ranar Asabar gari ya waye da zafi tun da wuri. Malama ta kira Guguwa gefe ta ce, "Kai ma wutar nan ta ci rabonta a jikinka. Kilomita uku na farko ka bar su su tafi, ko kunkuru ne ya wuce ka. Kowane tebur ka ɗauki kofi."

Aka busa usur, jama'a suka zuba. Guguwa ya danne zuciyarsa ya bar su. A kilomita ta uku ya ƙirga mutum goma sha uku a gabansa, ya ji wani daga gefen titi na cewa, "Guguwa ta zama iska!" Ya cije. Ya ɗauki kofi a tebur na farko, ya kurɓi rabi ya juye rabi a ka. Daga ta biyar ya fara tsince su ɗaya bayan ɗaya, waɗanda suka fita da wuta yanzu baki a buɗe, kafaɗa a sama. Abin da ya ba shi mamaki, kansa garau yake. Yana jin takunsa, yana ganin fuskokin mutane, har ya hango matarsa da yara a kan gadar masu ƙafa, tana kaɗa mayafi kamar ba ita ce mai kunyar taro ba. A ta takwas cinyoyinsa suka tuna masa da Laraba, suka yi nauyi. Nan ya jawo tsohuwar juriyar, ya tarar tana nan, kuma wannan karon akwai abin da za ta taka.

Na uku ya zo, bayan wasu samarin 'yan sanda biyu da ya girme su da shekara goma sha biyar. Lokacinsa ya fi na shekaru biyun da suka wuce kyau. Ya tsaya da ƙafafunsa, ya juya yana tafa wa sauran. Direba ya shigo can baya, yana tafe yana surutu shi kaɗai, amma ya shigo da gudu, kuma ya rage minti shida a kan na bara. Da aka haɗa lokuta, 'yan sanda suka riƙe kofinsu da tazarar daƙiƙa arba'in, 'yan kwana-kwana suka zo na biyu. Kowa ya san da Gajere ya yi gudu da labarin ya sha bamban, kuma babu wanda ya faɗa.

Guguwa ya sami Malama a ƙarƙashin rumfa tana rubutu. Ya durƙusa a gabanta, gumi na ɗiga.

Ba ta ɗago ba ta ce, "Ka yi gaggawa a ta shida. Da ka jira rabin kilomita, da ka kama na biyun."

"Na ji, Malama."

Sai ta ɗago, ya ga idanunta sun cika taf a bayan tabarau. Ta ɗora masa hannu a ka, jiƙe yadda yake, ta ce, "Ka yi gudu mai kyau, ɗana. Na daɗe ban ga irinsa ba."

Mai lasifika ya fara kiran waɗanda suka zo na biyu su hau dandamali. Oga ya ce ba za su hau ba sai da ita. Ta ce gwiwarta ba ta hawa matakala, su je kawai. Guguwa ya dubi Gajere, Gajere ya dubi Direba, suka kama kujerar ta ko'ina suka ɗaga ta sama da ita a kai. Tana ta faɗa tana cewa su sauke ta, su marasa kunya, har suka dire ta a tsakiyar dandamali, jama'a na tafi.